Ƙofar Garejin Yamina

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Kwana huɗu ke nan matata Yamina tana asibiti. Yau da safe na sauko kamar kullum, na zare sakatun ƙofar gareji guda biyu, na durƙusa na kama hannun ƙarfen, na ɗaga ta har ta kwanta a ƙarƙashin rufi. Ina tsaye ina haki ina jiran in ji ta tada mota, can na tuna babu mai fita. Na sauke ƙofar na koma ciki.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga ƙofar nan. Ni ban taɓa koyon tuƙi ba, a gidan waya na yi aiki har na ajiye, ƙafata ta ishe ni. Ita ce ungozoma, ita ce mai yawon ƙauyukan bayan Setif, ita ce mai mota. Shekara takwas tana cewa a sa wa ƙofar inji, irin wanda ake danna rimot ya ɗaga, don ran da ba na nan kafaɗarta ke shan wahala. Ni kuwa amsata ɗaya ce, ina raye za a kawo ƙarfe ya yi aikina? Sai ta ce to, Buzid, Allah Ya bar mana kai.

Na kira wani Rabah mai haɗa irin waɗannan injuna, ya ce zai zo Talata. Ina so ran da za ta dawo gida ta tarar yana aiki.

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

'Yarmu Nawal ta iso daga Annaba, ta bar yaran wa mijinta. Ita za ta riƙa kwana wajen uwarta, don ba a barin maza a ɓangaren mata bayan ƙarfe uku. Likita ya kira mu ofishinsa mu biyu. Nawal ta yi ta tambaya, yana ba ta amsa a hankali. Ni takalmansa na yi ta kallo, ɗaya igiyarsa ta kwance. Abin da ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba.

Baya maƙwabciyarmu ta aiko da miyar shorba. Yamina ta sha cokali uku ta ce gishiri ya yi yawa, kamar kullum.

Talata, 4 ga wata, da azahar

Rabah ya zo. Gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Kafin ya taɓa komai sai ya ɗaga ƙofar zuwa ƙugunsa ya sake ta, ta faɗo da ƙarar da ta tashi tantabarun gidan maƙwabcina Alhaji Sliman. Ya dube ni.

"Baba, wa ke ɗaga wannan?"

Na ce ni ne, kuma ban taɓa kuka da ita ba.

Ya ce ƙofa mai lafiya idan aka sake ta a tsakiya tsayawa take yi, domin sifirin biyun da ke gefe su ke ɗaukar nauyinta, hannun mutum rakiya kawai yake yi. Ya nuna min na hagu, ya tsinke ya yi tsatsa. Na dama ma ya saki jiki. Ya ce wannan ya kai shekara biyar a haka, duk wanda ke ɗaga ta nauyin ƙarfen gaba ɗaya yake ɗagawa. Idan ya sa inji a haka, wata biyu zai ƙone. Sai ya samo sababbin sifirin a kasuwar Ulma tukuna.

Da ya tafi na zauna ina lissafin ranakun da ba na nan. Mako biyu da na yi a Bijaya wajen jinyar yayana. Yammacin da nake gidan gahawa muna buga domino ta dawo daga kasuwa. Ni na ɗauka tsufa ne ya sa ƙofar ta yi min nauyi, shi ya sa na yi shiru, kada ta ce na gaza. Ashe ita ma shirun ta yi. Kunya ce ta rufe ni, wallahi.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Cokali ɗaya ta sha yau.

Alhamis, 6 ga wata, bayan magariba

Rabah bai zo ba, waya ma bai ɗauka ba. Duk masu sana'ar hannu uwa ɗaya ta haife su.

A hanyar masallaci mutum bakwai suka tambaye ni mai jiki. Rabin 'ya'yan unguwar nan a hannunta suka faɗo, kowa gani yake yana da haƙƙin ya tare ni. Na ce da sauƙi. Alhaji Sliman, da muke fuskantar gidan juna shekara arba'in, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce in gaya masa gaskiya. Na ce da sauƙi nake gaya maka, ko so kake in rantse?

Juma'a, 7 ga wata, bayan masallaci

Na so in ɓoye wa Yamina sai ta dawo ta gani, amma bakina bai iya ba. Na gaya mata za a sa wa ƙofar inji. Ta juyo da kanta a kan matashi ta daɗe tana kallona.

"Lallai likita ya tsorata ka, tsoho."

Na ce babu ruwan likita, bayana ne ya fara ciwo. Ta ce to Allah Ya sawwaƙe wa bayan. Nawal ta tashi ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

An sa sababbin sifirin. Rabah ya ce in gwada. Da yatsa biyu na ɗaga ta, yatsa biyu! Aikin da bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Na ce masa zan haɗa gahawa, na shiga kicin na rufe ƙofa, na yi abin da ban yi ba tun mutuwar mahaifiyata. Da na fito ya lura da idona, sai ya shiga ba ni labarin surukarsa.

Litinin, 10 ga wata, bayan la'asar

Mun yi cacar baki da Nawal a matakalar asibiti. Tana so a kira ƙanwar Yamina ta taho daga Wahran. Na ce a kan me za a tayar wa mutane da hankali, mace mai ciwon gwiwa ta yi tafiyar yini guda? Ta ce, "Baba, kai ma fa kana wurin da likita ya yi magana." Na ce ina wurin. Ta ce amma ta ƙofa nake yi, kullum ƙofa, sifirin, Rabah ya ce kaza. Na ce ta iya bakinta. Halina ta ɗauko, shi ya sa ba ma daɗewa a inuwa ɗaya.

Talata, 11 ga wata, da azahar

Injin ya iso cikin kwali. Akwai dogon ƙarfe mai sarƙa a ciki, za a kafa shi a tsakiyar rufi daga saman ƙofa zuwa ƙuryar gareji, injin ya rataya a ƙarshensa. Rabah ya ce gobe yana son wurin fayau, ba mota, ba tarkace. Na yini ina kwashe kwalaye zuwa bayan gida. A ƙarƙashin tsofaffin tayoyi na sami jakar aikinta ta fata, har da almakashin a ciki. Na kai ta ɗaki na ajiye a gefenta na gado.

Laraba, 12 ga wata, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Rabah ya zo ƙarfe takwas. Shi ya fitar da motar ya ajiye a bakin titi. Na hana shi matsar da kujerar direba, yadda Yamina ta bar ta haka za ta same ta, ya tuƙa gwiwoyinsa na dukan sitiyari yana gunaguni. Na riƙe masa tsani ya auna tsakiyar ƙofa, ya ja layi, ya fara huda rufi. Huda ta uku sai ya ce kash, bulon rufin nan fanko ne, notin da ya zo da su ba za su riƙe ba, bari ya je ya samo wasu. Ya loda tsaninsa a a-kori-kura ya tafi, ya bar ƙofar a ɗage.

Ƙurar siminti ta cika ƙasa. Yamina ba ta son ƙura. Na ɗebo ruwa na wanke garejin tas har bakin titi. Na shiga na sa farar rigata don daga nan asibiti zan wuce, na ɗauko kujera ɗaya na zauna a tsakiya da carbi ina jiran Rabah.

Kowa a unguwar nan ya san abin da ake nufi idan aka fitar da mota, aka ɗage ƙofar gareji, aka wanke ƙasa, maigida ya zauna. A nan maza ke karɓar gaisuwa. Ba a aika wa maƙwabci, gani yake yi ya taho da kujera. Ni kaina sau nawa na yi haka a garejin wasu? Amma wallahi tallahi bai faɗo min a rai ba.

Na ɗaga kai sai ga Alhaji Sliman yana tsallako titi ba hula, bai ma sa takalmi daidai ba. Ya rungume ni, ya ce Allah Ya jiƙanta, Allah Ya ba ni haƙuri. A bayansa maza biyar ko shida ɗauke da fararen kujerun masallaci. Daga gidan Baya kuma na ji mata sun fasa kuka.

Abin da ya fara zuwa min shi ne an bugo musu daga asibiti ni ba a gaya min ba. Sai wayata ta yi ƙara, Nawal ce, numfashinta kamar zai ɗauke. Tana kantin magani wata ta kira ta da ta'aziyya, ta haura bene huɗu da gudu, ta tarar da uwarta zaune ana taje mata kai.

Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce da Sliman shekara arba'in yana jiran rana irin wannan ya nuna ya fi kowa sanin ya kamata. Na ce ungulaye ne su duka, sun ƙosa. Na fizge kujera daga hannun ɗan liman na yi jifa da ita tsakiyar titi, ƙafarta ta karye. Na ce duk wanda ya sake tsallako titin nan da kujera a kansa zan ƙarasa ta. Suka yi tsuru-tsuru, suka kwashe kayansu. Sliman ne ya sunkuya ya ɗauki karyayyar.

Rabah ya dawo da notinsa yana fito, ya tambaye ni me ya sami unguwar ta yi tsit. Na ce ya tafi sai na neme shi.

Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar

Nawal ko kallona ba ta yi ba. Na ɗauka an ɓoye wa Yamina, ashe har mai shara a asibitin ta ji labari. Ina shiga ta fara dariya, tana yi tana riƙe ciki, har nas ta leƙo ta yi mana faɗa. Ta sa na lissafa mata duk wanda ya zo, da wanda bai zo ba. Ta tambaya ko Baya da hawaye ta yi kukan ko na baki ne. Ta tambaya ko an ɗora tukunyar kuskus ta masu zaman makoki, na ce an ce har an yanka albasa. Ta ce kai, asarar albasa. Rabon da in ji dariyarta haka tun bazara, na ji daɗi har cikin raina.

Da ta huta sai ta kama hannun rigata.

"Ka je ka ba Sliman haƙuri."

Na ce shi ya kamata ya ba ni.

"Ba don shi nake faɗa ba, Buzid."

Na ce Rabah zai dawo Asabar, saura kaɗan a gama.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

An gama. Rabah ya kafa dogon ƙarfen, ya rataya injin, ya haɗa shi da saman ƙofa da wani lanƙwasasshen hannu, ya jawo waya daga soket ɗin bango. Ya cire sakatun biyu ya miƙa min, ya ce yanzu injin ne makulli, idan aka bar su wata rana za a manta a danna, ƙofar ta lanƙwashe. Ya koya wa injin inda zai tsaya a sama da inda zai tsaya a ƙasa. Ya ajiye guntun katako a ƙasa, ƙofar ta sauko ta taɓa shi ta koma da kanta. Ya nuna min jar igiyar da zan ja in an ɗauke wuta. Ya mayar da motar ciki, ya ba ni rimot biyu.

Duk wannan hayaniya ko mutum ɗaya bai leƙo ba. A unguwar da in ka sayi sabuwar tsintsiya sai an zo gani.

Lahadi, 16 ga wata, bayan la'asar

Na kai mata rimot ɗinta. Hannunta ya rame har zoben yana juyawa. Ta danna, ta kasa kunne kamar za ta ji daga nan, ta ce ta buɗe? Na ce ta buɗe. Ta ce to in yi sauri in koma kafin a sace mata mota.

Nawal ta fita alwala, sai na gaya wa Yamina gaskiya. Na ce ba rowa ce ta hana ni ba duk shekarun nan. Ita ke tuƙi, ita ke kasuwa, ita ta san maganina da ranar biyan wuta, ita ta yi tarbiyyar Nawal. Ni abu ɗaya nake yi mata da safe wanda na san tana jira. Na ji tsoron in aka sa inji za ta fita ban sani ba.

Ta ce, "Na sani, tsoho. Me kake tsammani ya sa ban kira mai gyaran da kaina ba? Lambarsa ce ta gagare ni?"

Na ce kafaɗarta fa? Ta ce kafaɗa ai ta warke tuntuni. Ƙarya take yi. Ta sa rimot ɗin ƙarƙashin matashi.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Baya tana ajiye tukunya a bakin ƙofa ta buga ta gudu. Sliman ya koma sahun baya a masallaci. Na shirya maganar da zan gaya masa, na fito, na ga yana ba tantabaru hatsi, sai na wuce kantin burodi.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Ƙanwar Yamina ta iso daga Wahran. Wannan karon ban hana ba.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar

Likita ya ce in muna so mu kai ta gida, gida ya fi mata yanzu. Nawal ta juya ta fuskanci bango. Ni na ce Alhamdu lillahi, yaushe? Ya ce Lahadi, sai an haɗa mana tulun iskar numfashi da mai zuwa yi mata allura. Ba wawa ba ne ni, na san abin da ake nufi. Amma za ta dawo Lahadi. Zan ce wa mai motar asibiti ya tsaya a bakin titi, a ɗan ɗaga mata kai, ta danna da hannunta.

Juma'a, 21 ga wata, bayan masallaci

Ba ta farka ba yau sai sau ɗaya. Ta kira ni da sunan babanta. Na shafa wa sarƙar injin mai, ko da yake Rabah ya ce sai bayan shekara.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Yau ce Lahadin.

Jiya ƙarfe bakwai da kwata na safe Nawal ta kira. Ta ce "Baba," ba ta ƙara komai ba. Na ce to. Ta ce kada in taho, za su kawo ta kafin azahar, in shirya gida.

Na sauka na danna rimot, ƙofar ta tashi sumul. Na sauke birkin hannu kamar yadda na ga Rabah ya yi, na tura motar da kafaɗa, ina tura ina hutawa, har ta fita. Na wanke ƙasa. Na sa farar rigata, na ɗauko kujera na zauna.

Ƙarfe takwas ta yi, takwas da rabi ta yi. Labulen Baya ya motsa ya koma. Mutane suna wucewa da burodi a hammata, suna kallon ƙasa. Wani malamin makaranta da Yamina ta karɓi haihuwar 'ya'yansa huɗu ya rage tafiya daga can nesa, ya ce ma sha Allah, injin ya yi kyau, yaya mai jiki? Bakina ya ce da sauƙi. Ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya wuce.

Na sauke ƙofar na sake ɗaga ta, sau uku, don su ji. Sliman ya leƙo daga ƙofarsa, muka haɗa ido, ya koma ciki da sauri. Ban taɓa jin kaɗaici irin na awa biyun nan ba, kuma ni na saya wa kaina da bakina. Za a kawo ta gidan da babu kowa a ƙofarsa, matar da ba ta taɓa barin wata ta yi naƙuda ita kaɗai ba.

Na tashi na tsallaka titi na buga. Ya buɗe kaɗan, ya fara rantsuwa tun ban yi magana ba, cewa shi bai ga komai ba, bai ce wa kowa komai ba, tantabaru ya fito dubawa. Na buɗe baki in ce ya yafe min, abin bai fito ba. Na sake buɗewa.

"Sliman, Yamina ta rasu."

Ya ja ƙofar ya buɗe ta gaba ɗaya. Ga fararen kujerun nan jere a zaurensa, tun ranar bai mayar da su masallaci ba, karyayyar ma ya ɗaure mata ƙafa da waya. Ya miƙo min biyu, shi ya ɗauki huɗu, muka tsallaka.